Daga Yamai zuwa bakin teku da jaka a baya: tambayoyi da amsoshi kan hanya, tuƙin kayak da fitar dare

Waɗannan su ne tambayoyin da matasan Yamai da Tawa suka fi maimaitawa idan suna shirin bin garuruwan gaɓar Benin, Togo da Gana. An sa musu lamba domin wata amsar tana jingine da wata.

1. Da me wannan tafiya ta bambanta da zuwa Kwatano sari?

Mai zuwa sari yana sauka Zango ne, ya yi cinikinsa, ya ɗaure kaya ya juyo, wani ma bai ga teku ba sai ta tagar mota. Mai jaka a baya kuwa kayansa duka jaka guda ce. Yana hawa motar haya da kabu-kabu, ya kwana biyu nan, uku can, a masauki mai araha, gari bayan gari. Abin da ya sa gaɓar nan ta dace da haka shi ne garuruwan a jere suke kan hanya ɗaya, kuma ƙasashe biyu cikin ukun sefa suke ci kamar mu.

2. Waɗanne garuruwa ake bi, kuma kwana nawa ke isa?

Daga gabas zuwa yamma: Kwatano, sai Wida mai nisan kilomita 40, sai Garan-Popo kusa da iyakar Togo. Ana ƙetarawa a Hilakonji a faɗa Aneho, wadda ta taɓa zama babban birnin Togo zamanin Jamusawa kafin a mayar da shi Lome a 1897. Daga nan Agbodarafo a bakin tabkin Togo, sai Lome. Kwatano zuwa Lome gaba ɗaya kilomita 150 ne ko kusa da haka. Iyakar Gana, wato Aflawo, manne take da Lome. A Gana akwai Keta, Ada Fowa inda kogin Bolta ke shiga teku, Akra, Kokorobite, Kef Kos, Elmina, sai Busuwa a bayan Takoradi.

Mai kwana 10 ya tsaya a Benin da Togo, domin zuwa da dawowa kaɗai za su ci kwana 4. Gana tana son mako 3. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara garuruwa takwas cikin mako guda, a ƙare tafiyar a tasha. Garuruwa uku da aka zauna cikinsu sun fi. Idan kayak, wato ƙaramin jirgin roba da ake tuƙawa da filafili, ne ya kawo ka, ba Garan-Popo da Ada Fowa kwanaki mafi yawa (duba tambaya ta 9). Idan tarihi ne, Wida tana da hanyar bayi mai kilomita 4 da ke ƙarewa a Ƙofar Ba Dawowa da aka gina a 1995, Elmina kuma tana da ganuwar da Fotugisawa suka gina a 1482.

3. Ta ina ake bi daga Yamai ko Tawa?

Hanyar da aka saba ita ce Yamai, Doso, Gaya, kusan kilomita 300. Daga Malanbil, garin Benin da ke ƙetaren kogi daga Gaya, a gangara Kandi, Paraku, Dasa, Bohikon har Kwatano, kilomita 700 da ɗoriya. Mutumin Tawa ba sai ya shiga Yamai ba: Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, sai ya karya kudu zuwa Gaya.

An rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka koma fasinja ya sauka a Gaya, ya haye kogi da kwale-kwale, ya kama wata motar a ɗaya ɓarin. Al'amarin iyaka yana sauyawa, don haka a satin da za ka tashi ka je tashar kamfanin da za ka bi ka tambayi abu uku: ko tikitin ya kai har Kwatano, wa ke biyan kuɗin ƙetarawa, da kuma ƙarfe nawa motar can take tashi. Arewacin Benin, musamman wajen dajin W, ya sha hare-hare a ƴan shekarun nan, saboda haka a bi shi da rana kuma kada a kauce wa babbar hanya. Hanyar mota ta Burkina zuwa Lome ba ta ɗan yawon buɗe ido ba ce a halin tsaron da ake ciki. Mai hali ya hau jirgi daga filin Diori Hamani zuwa Lome, inda kamfanin ASKY yake da cibiya, ya faro tafiyar daga tsakiya.

4. Waɗanne takardu zan riƙe?

Fasfo mai sauran kwanaki, katin ɗan ƙasa, da katin allurar shawara, ɗan littafin nan ruwan ɗorawa. Allurar tana fara aiki a idon hukuma ne kwana 10 bayan an yi ta, kuma sau ɗaya ta isa har tsawon rai. Wanda ya je iyaka babu katin, nan zai ɓata lokaci da kuɗi.

Nijar ta fita daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025, ranar da aka fara fasfon AES, wato ƙawancen Nijar, Mali da Burkina Faso. A lokacin CEDEAO ta ce mutanen ƙasashen AES uku za su ci gaba da shige da fice babu biza har sai an sanar da wani abu. Tun da magana ce ta wucin gadi, a leƙa ofishin jakadancin ƙasar da za a je a Yamai kafin tashi. Ka ɗauki hoton kowace takarda a salula, ka kuma yi kwafi biyu ka raba su wuri daban-daban. A kowace iyaka ka duba da idonka an buga hatimin shiga, domin rashinsa sai ranar fita yake zama rigima.

5. Wane wata ya fi dacewa?

Gaɓar tana da damina biyu: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris ne ruwan sama ke ɗaukewa, teku ta fi kwanciya, kuma nan ne lokacin kayak. Yuli zuwa Satumba, wanda shi ne babban hutun ƴan makaranta, iska tana da sanyi mai daɗi amma igiyar ruwa ta fi tsanani. Mai zuwa a wannan lokaci ya manta da buɗaɗɗiyar teku, ya tsaya a kogi da tabki.

Wajen 10 ga Janairu ake bikin bodun, addinin gargajiyar yankin, a Wida, gari ya cika maƙil, ɗakin kwana ya yi tsada. Ƙarshen Disamba kuma haka Akra take.

6. Me zan zuba a jakar?

Jaka mai lita 40 zuwa 50, nauyinta kada ya wuce kilo 10, mai ɗamarar ƙugu, domin ƙugu ne ya kamata ya ɗauki nauyin, kafaɗa ta daidaita kawai. Riguna 4 marasa nauyi, wando 2, gajeren wando mai saurin bushewa, riga mai dogon hannu don rana da sauro, silifas da takalmi ɗaya mai rufi, zane ko ɗan bargo sirara, ƙaramar darduma, tocila, kwado, gidan sauro mai naɗewa, da batirin ajiya na caji. Shadda mai sitati da wandon jin su zauna gida. A Tawa ka shanya riga ka sha shayi ka kwashe ta. A Garan-Popo sai ta kwana biyu a igiya tana wari, saboda laimar iska.

Sai jakar roba mai hana ruwa shiga, lita 5 ko 10, irin wadda ake naɗe bakinta sau uku a ɗaure. Leda ba ta maye gurbinta. Ruwan gishiri idan ya shiga salula, ko ta bushe yana ci gaba da cin ƙarfen ciki. Mai zuwa Gana ya nemi kan caja mai ƙafa uku irin na Ingila; Benin da Togo irin namu ne.

7. Yaya zan yi da kuɗi da waya?

A Benin da Togo jikkarka jikka ce, ba canji. A Gana sidi ake ci. Canza kaɗan a Aflawo, abin mota da abinci, ka ƙirga a hannunka kafin ka miƙa naka, sauran ka canza a shagon canji mai lasisi cikin gari. Tara ƙananan kuɗi: ɗan kabu-kabu, wanda a Kwatano ake kira zem kuma rigarsa ruwan ɗorawa ce, ba zai canza maka jikka goma ba. A yi ciniki kafin a hau.

Raba kuɗinka uku: na yini a aljihu, na mako a ɗamarar ciki, sauran a bar shi gida a riƙa turo maka. Kafin ka tashi ka tambayi kamfanin aika kuɗin da kake hulɗa da shi a waɗanne garuruwa yake da reshe, domin a ƙauyukan gaɓa ba lallai ka samu ba. Layin waya kuwa, sayen na ƙasar da fasfo ya fi araha. Agogo ma: Benin lokacinta ɗaya da Nijar, Togo da Gana suna bayanmu da awa guda.

8. Na iya iyo a kogin Isa tun ina yaro. Ai teku ma ruwa ne?

Wannan tunanin shi ne babban haɗarin tafiyar. Kogi yana gudu ne gefe guda, ka san inda zai kai ka. A gaɓar Benin da Togo rairayin yana gangarawa da sauri, taku uku ruwa ya kai ƙirji, igiyar kuma tana fashewa ne daidai bakin gaɓa da ƙarfin da ke kayar da ƙato. Ruwan da ta watso yana komawa, ya zare rairayi daga ƙarƙashin ƙafarka. A wasu wuraren ruwan mai komawa yana haɗuwa ya zama makwarara guda mai ja zuwa ciki, wani lokaci da gudun da ya fi na gwanin iyo. Abin takaicin, wurin ne ya fi kama da wurin lafiya: tsakanin farin kumfa hagu da dama sai ka ga wani zirin ruwa mai duhu, lumui, babu igiya. Nan ne kada a shiga.

Idan ta kama ka, kada ka yi kokawa da ita kana nufin gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutum. Kwanta rigingine, ka ɗaga hannu ɗaya don a gan ka, ka yi iyo a gicciye, wato ka bi tsawon gaɓar, har ka ji jan ya sake ka, sannan ka bi igiya ka fito. Idan abokinka ne ya shiga, jefa masa abin da ke yawo kan ruwa, jarka ko allo, ka kira masunta. Lambar ƴan kwana-kwana 118 ce a Benin da Togo, a Gana kuma 112.

Ma'auni mai sauƙi: inda ƴan garin ba sa wanka, kai ma tsaya a idon sawu. Busuwa tana cikin wuraren da gaɓar ta fi sauƙi, shi ya sa ake koyar da hawan igiya a can.

9. Mene ne kayak, kuma a ina sabon shiga zai fara?

Ƙaramin jirgin roba ne siriri, na mutum ɗaya ko biyu, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu. Wanda aka fi bayarwa haya a gaɓar nan shi ne wanda ake zama a bisansa, ba a cikinsa ba. Yana da ƴan ramuka a ƙasa da ruwa ke fita ta nan, don haka ganin ruwa a mazauni ba huda ba ce.

Sa'ar wannan gaɓa ita ce bayan rairayin teku akwai ruwa kwantacce kusan ko'ina. A Garan-Popo kogin Mono yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da teku, siririn tudun rairayi ne kawai tsakaninsu, har ya kai mashigar da ake kira Bush-du-Ruwa a gabas da garin. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren da ake karewa a 2017. Akwai lunguna cikin itatuwan ruwan gishiri, ga tsuntsaye, ga ƙauyukan masu dafa gishiri. Tabkin Togo daga Agbodarafo ba shi da zurfi sosai, kana hango Togobil a ƙetare. Ada Fowa tana da faɗin ruwa da tsibirai, amma akwai jiragen inji masu gudu, sai a riƙa bin gefe. Ganbiye, garin da aka gina kan ruwa a tabkin Nokuwe, da kwale-kwalen ƴan gari ake zuwa daga Kalabi, ba wurin koyon tuƙi ba ne.

10. Yaya ake tuƙin, kuma idan ya kife fa?

Kafin ka biya, duba abu huɗu: jikin jirgin babu tsagewa, murfin da ake zubar da ruwan ciki yana ɗaure, filafilin ba ya girgiɗi a mahaɗarsa, rigar hana nutsewa kuma daidai jikinka ce. Gwada ta haka: ɗaure ta, wani ya kama kafaɗunta ya ja sama. Idan ta haura kunnuwanka, a ruwa ma haka za ta yi. Wanda ya ce ba shi da riga, ka bar masa jirginsa.

Zauna a miƙe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙafa a matokara. Ɗora filafilin a kanka, ka ware hannuwa har gwiwar hannu ta yi kusurwa. Faɗin riƙon ke nan. Tsoma bakin filafilin wajen yatsun ƙafa, ka fitar da shi daidai ƙugu, kana juya ƙirji da kafaɗu. Mai ja da damtse kaɗai minti 20 ya gaji. Idan jirgin yana karkata gefe guda, hannunka mai ƙarfi ne ke rinjaye. Sabon shiga yana cin kilomita 3 zuwa 4 a awa, awa biyu kuma sun isa a ranar farko. Ɗauki ruwan sha lita ɗaya da rabi, da hula mai igiya.

Idan ya kife, riƙe jirgin da filafilin, kada ka saki ko ɗaya, domin iska tana tafiya da jirgi fiye da yadda za ka bi shi. Birkito shi, ka zo tsakiyarsa, ka bar ƙafafunka su taso bayanka, ka ja cikinka bisa mazauni kamar mai hawa katanga, sannan ka juya ka zauna. Gwada wannan sau biyu a ruwa mai kai ƙirji kafin ka yi nisa.

11. Me ya sa ake cewa a fita da sassafe?

Saboda iska da kuma cikar teku. Da hantsi ƙasa ta yi zafi, iska mai ƙarfi ke tasowa daga teku, daga kudu maso yamma, ta kai ƙarshen ƙarfinta bayan azahar. Ruwan da ka tarar kamar faranti da ƙarfe 7, da la'asar ya zama wani abu dabam. Ka fara da fuskantar iska ko ruwa tun kana da ƙarfi, su turo ka gida a dawowa.

Teku tana cika ta janye sau biyu a yini, kowane wajen awa 6, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 15, don haka kalandar Musulunci da ke salularka ta isa ta gargaɗe ka. Lokacin janyewa, ruwan kogi da na tabki duka suna tururuwar fita ta ƙuntataccen baki, su yi karo da igiya. Mashigar Mono da ta Bolta a wannan sa'a ko masunta suna shakkarsu. Sauka nesa da bakin, ka ja jirgin kan rairayi, ka ƙarasa da ƙafa.

12. To buɗaɗɗiyar teku fa, ba a shiga da kayak?

Ana shiga, amma da sharaɗi: ka iya iyo, ka iya komawa bisa jirgi (tambaya ta 10), da jagora ɗan gari, da safe, a lokacin rani, kuma a lungun da duwatsu ko tsibiri suka kare, irin na yammacin Gana. Wahalar duka tana wurin fita da shigowa. A fita, hancin jirgi ya fuskanci igiya sak, a jira manyan su wuce, a tuƙa da ƙarfi ba tsayawa. A shigowa, a biyo bayan igiya. Jirgin da ya ba igiya gefe ya kife. Idan ka faɗo, kada ka tsaya tsakanin jirgin da gaɓa, igiya za ta maka maka shi. Ka nisanci igiyoyin tarun masunta, masu miƙewa daga gaɓa zuwa can ciki.

13. Ina ake fita da dare, kuma me ake kiyayewa?

A Kwatano, bakin Fijirose da hanyar masunta da ta wuce ta, da unguwar Hai-Bib. A Lome, wuraren cin abinci da kiɗa na bakin babbar hanyar gaɓa. A Akra, unguwar Osu da bakin Labadi. Kokorobite kuma an san ta da kiɗan daren Asabar. Garan-Popo da wuri take barci, sai dai ganga da hira. Wajen Mayu zuwa Yuni ƙabilar Ga tana hana kiɗa da hayaniya a Akra na kusan wata guda gabanin bikin Homowo, kuma da gaske suke.

Rairayin da babu fitila ba wurin yawon dare ba ne, ko ku biyu ne. Nan ake ƙwacen salula, musamman a Lome da Akra. Fita da kuɗin daren kaɗai da kwafin fasfo. Shirya komawa tun kafin ka fita: karɓi lambar ɗan kabu-kabu ko direban da masaukinka ya sani, ka sa hular kwano. Kada ka bar kofinka ka je ka dawo ka sha. Kada a shiga ruwa da dare ko kaɗan. Wanda kuma ya kai ƙarfe 3 a waje, ya ɗaga kayak zuwa jibi.

14. Ba na shan giya. Yaya abinci da salla?

Ba wanda zai tsare ka. Akwai ruwan kwakwa, zoɓo, abarba da lemun kwalba ko'ina. Abin lura shi ne sodabi a Benin da Togo, da akpeteshi a Gana: barasa ce mai ƙarfi, fara tas kamar ruwa, kuma a ƙauye da ita ake yi wa baƙo maraba. Ka ce Musulmi ne kai, ka gode, an saba da haka. Gasasshen kifi da akasa, banku ko dokunu, dukansu dangin tuwon masara, shi ne abincin da babu shakka a kansa. Nama kuwa a tambaya, domin ana sayar da alade. Mai tsire dai galibi ɗan gida ne, da Hausa za ku yi ciniki. Abincin Gana da ake kira wace ma shinkafa da wake ne, har sunan daga bakinmu ya fito.

Masallatai suna nan a Zangon Kwatano, Agowe Zango a Lome, da Nima a Akra. Ruwan teku yana alwala. Teku tana kudu, don haka idan ka fuskance ta gabas tana hagunka, alƙibla kuma ta ɗan ƙara karkata arewa fiye da yadda ka saba a Yamai.

15. Me ake dubawa a masauki, kuma wace cuta aka fi kwasowa?

Ga ɗakin kafin ka biya: buɗe famfo, kunna fanka, duba gidan sauro da sakatar ƙofa, ka shinshina katifa saboda laima. Ɗakin da ke layi na biyu daga teku ya fi araha, kuma ƙarar igiya ba ta hana barci. Mace mai tafiya ita kaɗai ta isa gari da rana, ta zaɓi gidan da iyali ke riƙe da shi.

Sauro a nan ba shi da rani. Zazzaɓi ya kama ka, ko bayan ka dawo gida ne, je a yi gwaji a ranar. Ruwan kogi da tabki marar gishiri yana iya ɗauke da tsargiya, don haka kada a daɗe ana wanka a ciki. Wanda ya ga jini a fitsari bayan makonni ya gaya wa likita inda ya je. Baƙar fata ma rana tana ƙona ta a kan ruwa, musamman cinya da bayan wuya. Ciwon da ka ji a dutse ko ƙugiya, wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu nan take, domin a laima ƙaramin rauni saurin ruruwa yake.

16. Akwai abin da ƴan gari ba sa so baƙo ya yi?

Ɗaukar hoton masu jan taru, ko wurin tsafi mai farin ƙyalle, ba tare da izini ba. Tambaya tukuna, wani lokaci a ba da ɗan abin goro. A ƙauyukan masunta da yawa na Gana ba a fita su ranar Talata, don haka a ranar ka tambayi mai masauki kafin ka sa jirgi a teku. Ko ba don al'ada ba, babu kwale-kwalen da zai tsamo ka. Daga wajen Oktoba zuwa Maris kunkurun teku suna fitowa yin ƙwai a rairayin Garan-Popo da Ada da dare. Kada a haska su da tocila, kada a sayi ƙwan, kuma idan ka ga an kewaye wani wuri da ƴan sanduna a rairayi, zagaya shi.